Cinikin waya: wa zai ɗauki kuɗin aike idan kaya sun dawo?

Duk wanda ke shiga kasuwannin bakin iyaka a ƴan shekarun nan, tun daga Gaya da Birnin Ƙonni har Ɗan Isa da Matamaye da Magarya, ya san cewa rabin ciniki ya bar rumfa ya koma cikin wayar salula. Ɗan kasuwa ya ɗauki hoton atamfa ko shadda ko takalmi ya sa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, kafin la'asar wata mata a Yamai ko Tawa ko Agadas ta gani ta aiko da kuɗi, washegari kaya su kama hanya. Haka kuma mutanenmu ke sayo kaya daga Kantin Kwari a Kano, ko daga Katsina da Sakkwato, ba tare da sun taka ƙafa sun ƙetare iyaka ba. Babu shakka wannan ci gaba ne, domin ya rage wahalar tafiya, ya kuma buɗe wa mata masu sana'a a cikin gida ƙofar da ba su da ita a da.

To amma tare da wannan sauƙi akwai wata rigima da ke ta ƙaruwa, wadda in ba a yi hattara ba za ta rushe amanar da cinikin ya ginu a kanta. Rigimar kuwa a kan abu biyu take: nawa ya kamata a karɓa a matsayin kuɗin aike, kuma idan kaya suka dawo, ko suka ɓace, ko suka iso ba yadda aka siffanta su ba, wa zai ɗauki asarar? Mu a wannan jarida matsayinmu a fili yake. Kuɗin aike amana ne da mai saye ya damƙa wa mai sayarwa don ya biya mota, saboda haka abin da aka kashe shi ya kamata a karɓa. Idan kuwa ciniki ya warware, wanda laifin ya fito daga wajensa shi ya kamata ya biya kuɗin hanya, zuwa da dawowa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu dubi yadda kayan ke tafiya a zahiri. A ƙasashen Turai mai sayarwa yakan kai ƙunshi gidan waya, a auna nauyinsa, a ba shi lamba, farashin kuma a rubuce yake kowa na iya dubawa. A wajenmu akasarin saƙo ta tasha yake bi. Wani a ba shi ga kamfanonin manyan motocin safa masu zirga-zirga tsakanin Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda ake ba da takarda. Wani kuma a danƙa wa direban ƙaramar mota ko yaron mota, a rubuta lambar waya a jikin leda, shi ke nan. Kafin kaya su kai ga mai su, an sayi buhu ko kwali, an biya ɗan kabu-kabu zuwa tasha, an sallami ɗan kamasho, in za a ƙetare iyaka ga duwan a wannan gefe ga kwastan a wancan. Kuɗin ma da kansu ba kyauta suke tafiya ba, domin ko ta Nita ko Amana ko Al Izza aka aiko su, ko ta OPay da Moniepoint a ɓangaren Najeriya, akwai abin da ake cirewa, ga kuma ɗan canji yana jiran nasa a tsakani. Duk waɗannan kuɗaɗe ne na gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai ce ɗan kasuwa ya biya su daga aljihunsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai saye ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da aka faɗa masa shi zai biya. Wannan duhu ne wasu ke fakewa a ciki su mayar da kuɗin aike wata riba ta biyu. Bari mu ba da misali don a gane. A ce mutum biyu suna sayar da atamfa iri ɗaya. Na farko ya sa turmi jika 12, na biyu ya sa jika 13. Mai saye ya ruga wajen na farko don yana ganin araha. Sai da ya biya aka ce masa kuɗin aike jika 4, alhali abin da aka kashe a tasha jika 2 ne. Na biyun kuwa jika 2 ɗin ya nema. A ƙarshe wanda ya bi araha ya biya jika 16, da ya je wajen mai gaskiya da jika 15 zai biya. An cuci mai saye, an kuma cuci maƙwabcin rumfa wanda aka ƙwace wa ciniki da farashin ƙarya.

Abin bai tsaya nan ba. Idan atamfar nan ta dawo saboda wani aibi, mai sayarwa zai ce shi kuɗin kaya kawai yake mayarwa, wato jika 12, kuɗin aike kuwa mota ta cinye. Ke nan ya karɓi kayansa, ya kuma ci jika 2 a kan cinikin da bai ƙullu ba. Wannan ita ce dabarar da ta sa wasu ke rage farashin kaya su kumbura kuɗin aike, kuma a ganinmu ba ta da wani suna da ya wuce zamba.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mai sayarwa ya tara kayan mutum biyar masu zuwa gari ɗaya, ya zuba a buhu ɗaya, ya biya kuɗin buhu ɗaya, amma kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin ya biya kamar shi kaɗai aka yi wa aike. Haka nan wanda ya sayi kaya uku a hannun mutum ɗaya, a ɗaure su wuri ɗaya, amma a lissafa masa kuɗin aike sau uku. Idan an haɗa kaya an samu rangwame, adalci shi ne rangwamen ya kai ga waɗanda suka biya. Idan kuma an ƙiyasta jika 3 aka je tasha aka tarar jika 2 ne, ragowar jika 1 ta mai saye ce, sai in shi ya ce ya bari.

Mun san abin da ƴan kasuwa za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce barin rumfa a je tasha ɓata lokaci ne, akwai zafin rana, akwai jiran mota, akwai kuɗin kiran waya ana bin direba har kaya su sauka. Haka ne. Wahala tana da lada, kuma babu laifi mutum ya nemi ladan wahalarsa. Abin da muke cewa shi ne a kira kowane abu da sunansa. A ce wa mai saye: kuɗin mota kaza, ɗauri da kai wa tasha kaza. In ya yarda ya biya, in bai yarda ba ya nemi wani. Abin da bai halatta ba shi ne a ce masa direba ne ya nemi jika 4 alhali direba bai ga komai ba sai jika 2.

Sai batun mayar da kuɗi, wanda shi ne ya fi haddasa zage-zage da toshe lambar waya. A nan ya kamata a rarrabe hali uku, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Hali na farko shi ne idan laifin na mai sayarwa ne. An nuna shadda mai kyau a hoto aka aiko da mai arha, ko an nemi takalmi lamba 42 aka aiko da 40, ko waya ta iso ba ta kamawa. A nan babu wata doguwar magana: a mayar wa mai saye kuɗin kayansa, da kuɗin aiken da ya biya, da kuɗin da zai kashe wajen maido da kayan. A ce shaddar jika 30 ce, aike jika 3, maidowa jika 3. In aka mayar masa da jika 30 kawai, ya yi asarar jika 6 a kan kuskuren da ba shi ya yi ba, kuma bai samu ko ƙyalle ba. Wane irin adalci ne wannan?

Hali na biyu shi ne idan kaya sun iso daidai yadda aka siffanta, amma mai saye ya sake shawara, ko ya ga launin bai yi masa ba, ko maigida ya ce ba a sanar da shi ba. A nan mai sayarwa ba shi da laifi. In ya yarda ya karɓi kayansa, ya yi karamci, kuma kuɗin hanya na mai saye ne. Ba daidai ba ne a tilasta wa ɗan kasuwa ya biya mota saboda wani ya canza ra'ayi.

Hali na uku shi ne idan kaya sun ɓace ko sun lalace a hanya. Wannan ya fi wuya, amma tambayar da za a yi ita ce: wa ya zaɓi direban? In mai sayarwa ne ya zaɓi motar ya kuma karɓi kuɗin aike, to alhakin kaya yana wuyansa har su shiga hannun mai su, shi ne kuma zai bi direba ko kamfani ya nemi diyya, tunda shi ke riƙe da takarda. In kuwa mai saye ne ya ce a ba direbansa wane, to daga lokacin da aka miƙa kayan an fita haƙƙinsa. Kalmar nan ta "ai na riga na sa a mota" ba ta isa ta wanke kowa ba.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Tun kafin a san za a yi wayar salula, malaman fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayanin sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Sun halatta shi, da sharaɗin kaya su zo daidai da siffar da aka faɗa, in sun saɓa mai saye yana da zaɓi. Sun kuma yi bayanin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, da cewa kayan da ake ɗauka a kai, in ba a yi wani sharaɗi ba, lamuninsu yana kan mai sayarwa har mai saye ya karɓa. Hoton da ake sa wa a waya shi ne siffar wannan zamani. Wanda ya gyara hoto har launi ya canza, ko ya ɗauko hoton kayan wani ya sa, ya ɓata siffa tun daga tushe. Iyayenmu fatake da suka yi safarar goro daga Gwanja da gishiri daga Bilma ba su da takarda, amma sun san cewa wanda ya ci amanar kaya sau ɗaya ya rufe wa kansa hanya.

Su ma Turawa da suka riga mu shiga cinikin intanet sun zauna sun yanke wannan magana. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2011 ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya fasa ciniki ko da babu wani dalili. Mai sayarwa zai mayar masa da kuɗin kaya tare da kuɗin aike na yau da kullum, shi kuma mai saye ya biya kuɗin maidowa, muddin an sanar da shi haka tun farko. Ba mu ce a kwaso wannan doka dungurungum a ɗora wa mai rumfa a Ɗan Isa ba, domin jarinsa bai kai ya jure irin wannan ba. Darasin da ke ciki shi ne, kowa ya san matsayinsa kafin kuɗi su fita daga hannu.

Akwai wata matsala kuma da ta keɓanta da mu mazauna bakin iyaka, wato canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro 1 a kan sefa 655.957 tun shekarar 1999. Naira kuwa tun da gwamnatin Najeriya ta sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023 ta yi mummunar faɗuwa: daga wajen naira 460 a kan dalar Amurka a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya yi ciniki a wancan lokaci ya san abin da jinkirin mako biyu ke iya jawowa. A ce mutum ya canza jika 30 ya samu naira 60,000 ya biya kaya a Kano. Kaya suka zo da aibi, aka yi ta jan sa har wata guda, sannan aka mayar masa da naira 60,000. In a ranar jika 1 ta koma naira 2,400, abin da zai karɓa a wajen ɗan canji jika 25 ne. An ce an biya shi cif, amma jika 5 ta tafi. In naira ce ta farfaɗo, asarar ta juya kan ɗaya ɓangaren. Maganin wannan shi ne a faɗi tun farko da wane kuɗi aka yi ciniki, da shi za a mayar, kuma a sa wa'adi gajere. Wanda ya ja lokaci da gangan shi ya kamata ya cike giɓin.

Ba za mu yi adalci ba in muka ɗora laifi duka a kan masu sayarwa. A cikin masu saye ma akwai azzalumai. Akwai masu aiko da hoton shaidar biya ta jabu, kaya su tafi kuɗi ba su shigo ba. Akwai masu cewa a aiko in sun gani za su biya, kaya su iso tasha su kashe waya, mai kaya ya biya zuwa ya biya dawowa. Akwai wadda za ta sa mayafi ko sarƙa ta je biki, bayan kwana uku ta ce ba su yi mata ba. Akwai wanda zai bar saƙo ya yi mako a tasha rana da ƙura su lalata shi, sannan ya ce haka aka aiko. Mace mai jarin jika 50 da ke sayar da turaren wuta ko kilishi daga cikin gida, irin wannan sau biyu ya isa ya karya ta. Saboda haka mai sayarwa yana da haƙƙin ya nemi a biya kuɗin aike tukuna, ya kuma ƙi karɓar kayan da aka yi amfani da su.

Wani zai tambaya, ina hukuma? Dokoki dai akwai su. Nijar ta yi dokar kare haƙƙin masu saye a 2015, ta kuma yi ta mu'amala ta hanyar na'ura a 2019. Najeriya tana da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa idan suka saɓa wa abin da aka siffanta. Sai dai kowace doka a bakin iyaka take tsayawa, ciniki kuwa wucewa yake yi. Wanda aka cuta a Maraɗi ba zai ɗauki ƙafa ya je kotu a Kano a kan jika 20 ba. Mun kuma ga yadda siyasa ke iya tsayar da kaya a hanya ba tare da laifin kowa ba: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO. A irin wannan yanayi, jiran gwamnatoci biyu su zauna su tsara yadda za a mayar wa mutum kuɗin turmin atamfa, jiran gawon shanu ne.

Don haka muke ganin gyaran a hannun ƴan kasuwa yake. Muna kira ga shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin biyu, waɗanda dama sun saba sasanta rigimar bashi da ta dillanci, su zauna su amince da ƴan ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya riƙewa. Na farko, a faɗi farashin kaya daban, kuɗin aike daban, kafin a biya, a rubuce ko a saƙon murya da za a iya ajiyewa. Na biyu, a ɗauki hoton kaya lokacin ɗauri, da hoton takardar tasha ko lambar mota, a aika wa mai saye. Na uku, mai saye ya buɗe kaya ranar da ya karɓa, in akwai aibi ya faɗa cikin kwana biyu ko uku tare da hoto. Na huɗu, in laifin mai sayarwa ne ya biya hanya zuwa da dawowa, in sake shawara ce mai saye ya biya. Na biyar, a mayar da kuɗi cikin mako guda da dawowar kaya, da irin kuɗin da aka yi ciniki da su. Wanda ya saba karya waɗannan, ƙungiya ta ja masa kunne, in ya ƙi ji a sanar da takwararta ta ƙetare.

Muna kuma kira ga kamfanonin sufuri da shugabannin tashoshi su liƙa farashin saƙo a bango inda kowa zai gani, su riƙa ba da takarda ko da ƙunshin ƙarami ne, su kuma bayyana abin da suke biya idan kaya sun ɓace a hannunsu. Ranar da mai saye a Tawa zai iya sanin nawa ake kai ƙunshi daga Maraɗi, ranar ce ƙarin ƙarya zai mutu da kansa. Hukumar ARCEP da ke sa ido a kan harkar sadarwa da aike-aiken gidan waya, da ma'aikatar kasuwanci, su ma suna da rawar takawa wajen wayar da kan jama'a da harsunan gida, domin dokar da ke rubuce da Faransanci a cikin ofis ba ta amfanar mai rumfa da komai.

Ga ƴan uwanmu ƴan kasuwa kuma, muna tunatar da ku cewa cinikin waya cinikin biri a sama ne, abin da ke riƙe da shi kawai yarda ce. Mai saye bai ga rumfarka ba, bai san gidanku ba, muryarka da hotonka kawai ya sani, amma ya ɗauki guminsa ya aiko maka. Jika 2 da za ka ci a kuɗin mota ba za ta gina maka gida ba, amma wanda ya gano ka ci ta ba zai dawo ba, kuma wayar da ta kawo maka shi ita ce za ta kai labarinka ga mutum ɗari kafin gari ya waye. Wanda kuwa ka mayar wa ragowar canjinsa ba tare da ya tambaya ba, ko ka ɗauki asarar kuskurenka ba gardama, ya zama dillalinka na kyauta a garinsu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma tsare mu da cin haƙƙin juna.